Ɗigon Duhu a Tsakiyar Haske

Kahu, Kibiya
Janairu, 2006

Zuwa ga Yaya Haliru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga gidan Malam Ishiyaku, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Mun yi Babbar Sallah lafiya. Baba lafiyarsa ƙalau, sai ƙafar nan da ke tashi in ya daɗe a fadama. Gwaggo, wato innarka, tana zaune kusa da ni tana ɓarar gyaɗa. Ita ta sa ni rubutun, kuma ta ce in fara da nata kafin in shiga surutuna.

Ta ce in gaya maka tarin ya sake ta. Ta ce ta ajiye maka soyayyen naman layya a gwangwani, in ba ka zo ba har ya lalace alhakinsa yana wuyanka. Ta ce kuma ka faɗa mata tsakani da Allah wane aiki kake yi a Faransa, don ta gaji da jin kunya. Ranar wani suna a Fassi mata suka tambaye ta, ta ce gyaran lantarki kake koyo, sai wata ta ce to ai gara ya dawo ya fara da na Kibiya. Aka yi ta dariya. Ta dawo gida ko tuwo ba ta ci ba.

To, nata ya ƙare. Yanzu ni ce, Jannatu.

Ban sani ba ko kana tuna ni sosai. Ni ce wadda ta ɓuya bayan rumbu ranar da za ka tafi, da aka ce in fito mu yi sallama. Yanzu ina aji huɗu a sakandare, kuma tun da yayata ta tare a gidanta ni ce mai karatu da rubutun gidan nan. Ka san Baba ajami yake karantawa. In takardar boko ta zo, ta asibiti ce ko ta taki, ni ake kira zaure. Har maƙwabta suna aikowa. Gwaggo ta ce in na kashe idona da littattafan soyayyar nan, gidan gaba ɗaya na makantar. Ba na yi mata musu, amma ban daina ba. Kulu ƙawata ce ke kawo min su daga Rano a ƙarƙashin hijabi, don yanzu a makaranta bincika jaka ake yi.

A cikin wanda na gama jiya akwai wani da ya tafi Turai, sai marubuciyar ta ce wai yana karatun kimiyya, shi ke nan, ta koma kan motarsa. Abin ya ba ni haushi. Ni ɗakin da ake kimiyyar nake so in gani. Me ke ciki? Me kake taɓawa da hannunka in gari ya waye? Kuma da gaske ne a can rana sai ta yi kwana da kwanaki ba ta fito ba?

In na cika tambaya ka yi haƙuri. A baki ba zan iya ko ɗaya ba.

Ka aiko amsa ta akwatin gidan waya na Alhaji Ramalan mai shago a Rano, kamar kullum.

Ƙanwarka,
Jannatu Ishiyaku


Faransa
Fabrairu, 2006

Ƙanwata Jannatu,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin lafiyarku. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ke shiga har ƙashi. Ki gaishe da Kawu Ishiyaku, ki ce ya rage tsayuwa cikin ruwa. Inna kuma ki ce mata ta cinye naman, na yafe. In mata sun sake tambaya ta ce ɗanta kiwo yake yi, kiwon haske. Ba ƙarya ta yi ba.

Ina tuna ki. Ƙafafunki ne kawai suka leƙo ta ƙarƙashin rumbun.

Ga ɗakin. Ba taga, bangonsa baƙi ne. A kan tebur akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai, tsawonsa zai kai daga ƙofar gidanku zuwa rijiyar masallaci, an naɗe shi kamar zaren ɗinki. Mun haɗa bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe. Sai mu ɗura masa hasken leza, wani siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa, hasken ya yi ta zagaye ba fita. In ya taru ya yi ƙarfi, yana sauya halin gilashin da yake bi, gilashin shi ma ya sauya halin hasken. Daga nan abubuwan mamaki ke farawa.

In kika ɗebi ruwa da ƙwarya a kududdufi, gurbin nan take yake rufewa. Haske ma haka ne. Amma a cikin zoben nan, wani lokaci gurbi yakan buɗe ya ƙi rufewa. Ɗigon duhu ne a tsakiyar haske, ba ya cika, ba ya faɗaɗa, yana zagaye da siffarsa. Sunansa soliton mai duhu. Hasken da ke kewaye da shi ne ke riƙe shi. Nawa dai har yanzu gardama yake min, ya leƙo ya ɓace, kuma malamina ya ce ba maganar digiri sai ya zauna.

Wahalar ganinsa ita ce wannan. Ki ɗaura igiya a jikin bishiya ki kaɗa ta. Kina iya kaɗa ta sama da ƙasa, kina iya kaɗa ta hagu da dama. Haske ma tafe yake yana kaɗawa. In igiyar ta ratsa ta tsakanin karan darni, kaɗawar sama da ƙasa ce kawai za ta wuce. A zobena hasken yakan zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu, ɗigon duhun kuma yana ɓuya daidai inda ɗaya ta ƙare ɗayar ta fara. Sai na tace hasken da irin wannan darnin nake kama shi.

Ga darnin nan na sako miki a ambulan: ’yan robobi biyu masu ruwan toka, na yanko daga ragowar namu. Ki ɗora ɗaya kan ɗaya ki kalli fitila, sannan ki juya ta saman a hankali. Ba zan gaya miki abin da zai faru ba. Da guda ɗaya kuma ki kalli ruwa ko kwanon rufi da tsakar rana, za ki ga ƙyallin ya kwanta. Duk ranar da haske ya dame ki, ki duba ta cikinsu.

Wani abin dariya, hasken da nake kiwo ma ido ba ya ganinsa, ko da yake yana iya huda takarda. A allon na'ura nake ganin sawunsa. Don haka ni ma ban taɓa ganin abin da nake kiwo ba.

Ki ci gaba da tambaya.

Yayanki,
Haliru


Kahu, Kibiya
Farkon Maris, 2006

Yaya Haliru,

Assalamu alaikum, da fatan sanyin ya yi sauƙi. Mu nan zafi ya fara shigowa, mangwaro ya ƙosa. Kowa lafiya. Gwaggo ta faɗi maganar kiwon haske a gidan biki, ba wadda ta yi mata dariya, ta dawo tana taku ɗaiɗai.

Yaya, robobin nan.

Na juya ta saman kamar yadda ka ce, sai fitilar ta fara ja da baya, tana ja, tana ja, har ta mutu a hannuna alhali tana ci a kan kujera. Abu biyu, kowanne ana ganin duniya ta cikinsa, amma in suka juya wa juna baya sai dare. Na kai wa Baba. Ya juya, ya sake juyawa, ya ce Allah mai iko, ya miƙo min da yatsa biyu. Gwaggo kuwa ta ƙi taɓawa. Ta ce ba ta son abin da ke kawo duhu da rana.

Na sa musu suna Hassana da Husaina. A cikin littafin lissafina suke kwana, don shi ba mai buɗe shi, har ni. Ranar Juma'a na kai wa Baba abinci fadama na kalli ruwa da Hassana, sai saman ruwan ya yaye kamar an ɗage mayafi, na ga ’yan kifi tsaye a ƙasa suna kallona. Na daɗe a tsugune har fura ta yi ɗumi.

Layin nan da ka ce duk ranar da haske ya dame ni in duba ta cikinsu, na ja masa layi da jan biro. Kulu ta ce irin maganar da ake yi a littafi ce, na ce mata ta rufa min baki, magana ce ta kimiyya.

Yanzu ga babban labari. Rediyo tana ta sanarwa cewa ƙarshen watan nan, ranar Laraba da hantsi, za a yi husufin rana. Wai a wajen Katsina gari zai yi duhu ƙirin, mu nan kuma za ta rage ’yar siririya. Liman ya ce za a yi sallar husufi a jam'i. Tsofaffi suna ta magana ƙasa-ƙasa, wai ga ƙidayar jama'a ga maganar tazarce ga rana za ta yi zazzaɓi duk a wata ɗaya, ba lafiya ba. Gwaggo ta ce ranar ko tsakar gida ba za ta fito ba.

Rediyon ta ce kada kowa ya kalla da tsurar ido, sai da wani tabarau na musamman, wanda na san a birni zai ƙare a hannun manya. Sai na yi dariya ni kaɗai, don ni nawa daga ɗakin kimiyya suka zo. Na ma gwada da safe. Na gitta su na kalli rana, ta koma ɗan kwabo shuɗi-shuɗi, ba zafi, ko hawaye ban yi ba.

Ina da roƙo, in ba zai zama rashin kunya ba. Malaminmu ya ce ku ma za ku ga wani yanki a can. Ranar ka fito daga baƙin ɗakin nan ka ɗaga kai. Ni ma zan ɗaga a nan, tun daga farko har husufin ya sake ta, ba zan bar komai ya wuce ni ba. Sai mu zama mun kalli abu ɗaya a lokaci ɗaya. Daga baya kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa abin da ya gani.

Kada ka faɗa wa Gwaggo na roƙi wannan.

Ƙanwarka,
Jannatu


Faransa
Tsakiyar Maris, 2006

Jannatu,

Salam. Ina lafiya. Gaisuwa sai wani karon, yanzu na buɗe takardarki kuma a tsaye nake rubutu.

Kada ki kalli rana da robobin nan. Ko a gitte, ko a jere, ko na ƙiftawar ido. Ba ranar husufi ba, ba kowace rana ba.

Ki saurare ni. Rana tana da hasken da ido ke gani, tana da wanda ba ya gani, irin wanda na ce miki yana huda takarda. Robobin na farkon kawai suke tarewa. Na biyun wucewa yake yi kamar ba komai a gabansa. Abin da ya fi muni, in kika kalli rana da tsurar ido za ta kore ki da kanta, ki runtse. Da robobin ba abin da zai kore ki. Idonki zai ɗauka inuwa ce, ya buɗe ƙofarsa sosai. Kuma bayan ido, inda hoto ke sauka, ba ya jin zafi. Zai ƙone ba ki sani ba. Rashin hawayen da kika yi murna da shi, shi ne abin tsoron.

Da na ce in haske ya dame ki, ƙyallin ruwa da na kwano nake nufi. Ban kawo rana a raina ba.

In kina son gani, ki huda kwali da allura, ki juya wa rana baya, ki bar hasken ya sauka a ƙasa. Ko ki duba inuwar darbejiya, za ki ga abin a zane a ƙasa.

Na san takardar nan tana iya makara. Na buga wa Alhaji Ramalan waya a shagonsa, layin yana ta yankewa, ga ƙarar injin niƙa, amma na maimaita masa har ya ce ya ji. Ya ce gobe zai taho Kahu. Ki karɓi saƙon da gaske. Ki ba Kawu robobin ya kulle a akwatinsa.

Ki rubuto min da zarar kin karanta.

Haliru


Kahu, Kibiya
Farkon Afrilu, 2006

Yaya Haliru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, don shirun ya yi yawa, tun ta Fabrairu ba mu ga takardarka ba. Na san ba laifinka ba ne. Alhaji Ramalan ya rufe shago ya dawo gida da iyalinsa don a ƙidaya su a nan, ka san kowa so yake a rubuta shi a garinsu kada Kibiya ta yi kaɗan. Makullin akwatin gidan waya yana aljihunsa, shi kuma ya zauna har bayan husufi. An ƙidaya mu, an shafa mana tawada a babban yatsa. Da aka tambayi Gwaggo ’ya'yanta nawa a gidan ta sa da kai, mai rubutun ya ce ba a ƙidaya wanda ba ya nan, suka yi ta yi.

Saƙonka na waya ya iso. Alhaji ya faɗa a zaure gaban Baba, ya ce Haliru ya bugo tun daga Turai, ya ce a ja wa yarinyar nan kunne kada ta kalli rana. Baba ya ce ka kyauta, rediyo ma ta faɗa. Ni ina bayan ƙofa ina murmushi. Na gane, tsurar ido kake nufi, kuma ba za ka ambaci Hassana da Husaina a kunnen Alhaji ba. Na ji daɗi da ka tuna da ni har ka buga waya.

To ga abin da na gani, kamar yadda muka yi.

Da hantsi maza suka tafi masallaci. Mata suka shige ɗaka, Gwaggo ta saki labule tana jan carbi. Yara suna can waje suna dukan gwangwani wai a saki rana. Ni da Kulu muka zaga bayan rumbu, na kifa turmi na zauna.

Da farko kamar an gutsiri gefen waina. Na riƙa juya Husaina kaɗan-kaɗan har na samu daidai inda bakin gutsiren ya fito tsaf. Kulu ta leƙa sau ɗaya ta mayar min, ta ce gabanta faɗuwa yake, ta koma kallon kaji. Hasken gari ya koma wani iri, ba na yamma ba, ba na hadari ba, kamar an zuba masa toka. Iska mai sanyi ta taso. Kaji suka nufi akurki, shanun Fulanin bayan gari suka kama kuka, daga masallaci muryar liman tana ta jan doguwar sura. Rana ta rage kamar lauje, siririya, tana rawa. In wannan idon ya gaji sai in koma wancan. Ban sauke kai ba, Yaya. Ina ta cewa a raina yanzu shi ma yana tsaye a wani titi da rigar sanyi, ya ɗaga kai. Har ta cika ta dawo ina nan. Kulu ta ce wuyana zai ƙage.

Ban taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka ba. A littafi in an ce duniya ta tsaya, da na ɗauka ƙari ne.

Wani abin dariya: ɗigon duhunka ya biyo ni. Tun yammacin ranar, duk inda na kalla akwai wani ɗan tabo a tsakiya, da farko kore-kore, yanzu ya yi toka. Haske ta ko'ina, shi kuma yana zaune, in na juya ido ya juya. Ba ya cika, ba ya faɗaɗa. Na ce wa Kulu kai kana can kana wahalar nema, ni ga shi na samu a bayan rumbu. Na san irin wanda ake gani ne in an kalli fitila, zai wuce. Ya dai daɗe. Kaina ma yana ɗan sarawa. In rubutuna ya hau ya sauka ka yi haƙuri, layin ne nake ganin ya lanƙwashe.

Kai me ka gani?

Ƙanwarka,
Jannatu

Ƙari: Ina shirin liƙe ambulan Alhaji ya aiko da takarda daga Rano, ya ce ta jima a akwati. Taka ce, na gane tambarin. Na buɗe amma haruffan suna ɓuya min. Zan karanta gobe in kan ya sake ni. Bari in ba da wannan kada motar ta tashi.


Faransa
Ƙarshen Afrilu, 2006

Jannatu,

Assalamu alaikum. Na yi rubutun da manyan baƙaƙe. In duk da haka ya yi wuya, ki ba Kulu ta karanta miki.

Ina lafiya. Yaya idon? Kada ki ce min da sauƙi don ladabi.

Ki rufe ido ɗaya da tafin hannu ki kalli bakin ƙofa, sannan ki sauya. Wanne ne tabon ya fi girma? Ƙofar a miƙe take ko ta lanƙwashe? Ki riƙe amsar ki faɗa wa likita.

Wannan ba irin na fitila ba ne. Ƙuna ce a bayan ido. Wasu tana warkewa a hankali cikin watanni, wasu tana raguwa, wasu tana zama. Ban san naki ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, dole likitan ido ya duba ki a Kano, kuma kada a ɗiga miki komai, ko tozali, ko ruwan wani ganye, ko na mai tallan magani a kasuwa.

Na san halinki, ba ki faɗa wa kowa ba. Na sake neman Alhaji a waya ban samu ba, kuma na daina yarda da saƙon baki. Don haka na rubuta wa Kawu takarda tasa daban, tana tafe tare da wannan. Na faɗa masa komai, na faɗa masa ni na aiko da robobin ban yi gargaɗi ba. Roƙon da kika yi min ban sa shi ciki ba.

Kin tambayi abin da na gani. Na fito ranar. Gajimare ne ya rufe ko'ina, ban ga komai ba. Na tsaya a titi ina addu'a Allah ya sa saƙon ya isa yadda na faɗe shi.

Abin da nake nema a zobe ya zauna makon jiya. Malamina ya rungume ni. Ni kuwa na kasa kallon allon.

Ki yafe min. Ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Yayanki,
Haliru


Kahu, Kibiya
Yuni, 2006

Yaya Haliru,

Assalamu alaikum. Rubutun Kulu ne wannan, ni nake faɗa tana rubutawa, kuma na sa ta rantse ba za ta ƙara nata ba. Ruwa ya sauka, an yi shuka, dawa ta fito. Baba lafiya. Gwaggo lafiya, sai dai ta rage magana.

Ka ce kada in ce da sauƙi, to ba zan ce ba. Mun je Kano. Likita ya ɗiga min wani abu, ya haska ciki, ya kira wani ma ya leƙa. Ya ce ƙuna ce, ido biyun, kuma ba maganin da zai ba ni sai jira. Mu koma bayan kaka. Na hagu tabon ya fara yin shara-shara, ina iya ganin babban rubutu in na kalle shi a kaikaice. Na dama yana nan yadda yake. Na tambaye shi ko zan koma karatu, ya ce in bari mu ga kaka tukuna. Jarrabawar wannan zangon dai ta wuce ni.

Ba sai ka nemi yafiya ba. Takardarka ta Maris na karanta ta, da gefen ido, kalma ɗaya-ɗaya, na yi kwanaki ina yi. Da na kai ƙarshe na tura ta ƙarƙashin katifa ban faɗa wa kowa ba.

Za ka yi mamaki yadda aka yi sama da wata guda ba wanda ya lura. Ba wuya. Ni dama ba na kallon mutane a fuska. In an yi min magana kaina a ƙasa yake, ko in kalli gefe. Da na koma kallon komai a kaikaice sai aka ce girma ne ya zo, kunya ta ƙaru. Wata maƙwabciya har yaba ni ta yi a gaban Gwaggo. Da Gwaggo ta ga na daina littattafai ta ce alhamdulillahi yarinya ta shiryu. Tsintar shinkafa nake yi da yatsa, zaren allura kuma in ce Kulu ta fi ni sauri. A makaranta na koma bencin baya na yi shiru, shi ma ba sabon abu ba ne.

Sai ranar da takardunka biyu suka zo. Alhaji Ramalan da kansa ya kawo bayan la'asar, ya zauna a zaure suna hira da Baba. Aka aiko in zo. Na durƙusa, Baba ya miƙo min tasa ya ce ga ta ɗan'uwanki, karanta mana mu ji.

Na buɗe. Ina ganin gefen takardar, ina ganin yatsuna biyu, tsakiya kuwa ba komai. Sai na fara da ka. Na ce zuwa ga Kawu Malam Ishiyaku, assalamu alaikum, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da iyali, da Inna, da dukan mutanen gida. Na san yadda kake jera su. Na ƙara da cewa kai ma kana lafiya sai sanyi. Baba yana cewa madalla, madalla. Na ja gaisuwar iya yadda za ta jawu, har na gaishe da liman. Daga nan ta ƙare.

Baba ya ce ci gaba mana. Na matso da takardar, na karkata kai, na nisanta ta. Alhaji ya yi dariya ya ce ko Haliru ya koma rubutun Faransanci ne. Da ya ga ban motsa ba ya karɓa, ya sa tabaransa, ya fara haɗa baƙi a hankali yadda yake karanta rasit. Ashe ko gaisuwar ba ka yi ba. Layin farko cewa ka yi a kai Jannatu asibitin ido.

Ya karanta har ƙarshe. Da ya zo wajen wayar da ka buga masa sai muryarsa ta yi ƙasa, ya cire tabaran ya riƙe a hannu. Ina jin akuya tana cin ɓawon rogo a bakin ƙofa.

Na ɗauka Baba zai yi faɗa, a kanka ko a kaina. Bai yi ba. Ya matso a kan buzunsa har gwiwarsa ta kusa taɓa tawa. Tun da na yi wayo bai taɓa ce min in kalle shi ba, kullum koya mana ake yi mu sunkuyar da kai.

Ya ce, “Ɗago, Jannatu. Kalle ni sosai.”

Na ɗago.

Ya ce, “Me kike gani?”

Na ce, “Hularka, Baba. Da gemunka.”

Ya ce, “Sai me?”

Na ce shi ke nan.

Kulu ta ce hannunta ya gaji, kuma tana ɓata takardar da hawaye, don haka bari mu tsaya. In za ka rubuto, ka ci gaba da manyan baƙaƙen. Ina so in gwada da kaina kafin in ba ta.

Ƙanwarka,
Jannatu